Maganin Gargajiya na Sinawa a Zamanin Asibiti

Da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda damina za ta shiga ta fita zazzaɓin cizon sauro bai kwantar da wani ba. In aka je asibiti aka auna jini aka tabbatar shi ne, galibi sai a ba mutum waɗansu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, a ce ya sha safe da yamma har kwana uku, a kuma ja masa kunne kada ya bari don ya ji sauƙi. Waɗansu na kiransu Coartem, waɗansu kuma da wani suna dabam, gwargwadon kamfanin da ya yi su. In ka tambayi mutane inda maganin nan ya samo asali, da yawa za su ce Ingila ko Amurka, don a ganinmu duk abin da ya zo cikin kwali da rubutun boko na Turawa ne. Alhali kuwa asalinsa wani ɗan tsiro ne na ƙasar Sin, ɗan'uwan tazargaden nan da iyayenmu suka sani. Wadda ta fito da sirrinsa kuma wata mace ce Basiniya, wadda ta tsinci hanyar a cikin wani littafin masu maganin gargajiya da aka rubuta fiye da shekara 1,600 da suka wuce.

To, tun da abin ya shafe mu har cikin ɗaki, na ga ya kyautu in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin wannan ilimi na Sinawa, da gwagwarmayar da ya sha da maganin asibiti, da matsayin da yake a yau. Abin da ya fi jan hankalina a cikin labarin shi ne yadda mutanen nan suka ƙi zubar da gadon kakanninsu. Inda suka tsaya suka tauna shi kafin su haɗiye, duniya duka ta amfana. Inda suka haɗiye haka nan ba tauna, an yi ɓarna, kuma ɓarnar ta iso har kan jakunanmu, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Masu maganin Sinawa na da ba su san ƙwayoyin cuta ba, don a lokacin babu madubin likita. Abin da suka dogara a kai shi ne daidaito. A ganinsu kowane abu a duniya yana da fuska biyu masu gaba da juna amma ba sa rabuwa, suna kiransu yin da yang. Yin ya ƙunshi sanyi da duhu da laima da natsuwa, yang kuwa zafi da haske da bushewa da motsi. In biyun nan suka daidaita a jikin mutum, lafiya ke nan. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, cuta ta samu. Sun kuma ce akwai wani ƙarfi na rai da suke kira qi, ana faɗarsa kamar "cii", wanda ke gudana cikin jiki ta waɗansu manyan hanyoyi guda 12, kamar yadda ruwa ke bin magudana a lambu. In hanya ta toshe sai ciwo ya taso. Bayan wannan suka kasa abubuwan duniya gida biyar, watau itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, suka danganta kowane ɗaya da wata gaɓa: hanta da itace, zuciya da wuta, saifa da ƙasa, huhu da ƙarfe, ƙoda da ruwa. Babban littafin da ya shimfiɗa wannan duka, Huangdi Neijing, an harhaɗa shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma har yanzu ɗaliban fannin suna karanta shi.

Ya kamata mai karatu ya sani tun daga nan, likitocin da suka feɗe jiki suka duba shi gaɓa-gaɓa ba su taɓa ganin hanyoyin nan 12 ba, kuma babu wata na'ura da ta auna qi. Bayani ne da mutanen da suka ƙago don su tsara abin da suke gani a jikin marasa lafiya. Amma abin da suka gani ɗin, sau da yawa sun gan shi da kyau.

In ka je wurin mai maganin Sinawa zai bi ka ta hanya huɗu. Zai dube ka, musamman harshenka, ya ga launinsa da irin farin da ya kwanta a kai. Zai saurari muryarka da numfashinka, ya kuma kula da warin jiki. Zai yi maka tambayoyi masu yawa a kan barci da cin abinci da gumi da bayan gida. Daga ƙarshe sai ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunka ya ji bugun jini, hannun dama da na hagu, kuma littattafansu sun rarrabe irin bugun nan har kusan iri 30. Maganin da zai rubuta kuwa ba safai yake zama tsiro ɗaya ba. Haɗi ne na saiwoyi da ɓawo da ganye, wani lokaci goma ko fiye, kuma an tsara su kamar fada: akwai sarkin magani wanda ke yaƙar cutar, akwai wazirinsa mai ƙara masa ƙarfi, akwai mataimaki mai rage dafin sauran, akwai kuma jakada mai kai su inda ake bukata. Ban da shan magani akwai tausa, akwai ƙona wani busasshen ganye kusa da fata don a ɗumama wurin, akwai kuma kafa kofunan gilashi a baya su ja fata, wanda duk ɗan ƙasar Hausa da ya ga wanzami na yin ƙaho zai gane shi nan take. Wanda ya fi suna a duniya shi ne tsira siraran allurai a waɗansu wurare na jiki, wajen 360, da nufin buɗe hanyoyin qi.

Wannan tunani bai tsaya a ɗakin mai magani ba, ya shiga tukunya da buta. Basine ko a tsakiyar zafi ya fi son ruwan ɗumi a kan na ƙanƙara, har a tashoshin jirgin ƙasa ana ajiye tankin ruwan zafi don matafiya. Sun kasa abinci mai zafi da mai sanyi, kuma ba zafin wuta suke nufi ba: citta da naman rago masu zafi ne, kankana da kokwamba masu sanyi. Tsofaffi kan fita da sassafe zuwa filayen shan iska su yi wata irin motsa jiki a hankali, mai suna taici. Mace in ta haihu takan yi wata guda a ɗaka, ba fita, ba taɓa ruwan sanyi, ana ta ɗura mata romon kaza da citta. Iyayenmu mata za su yi murmushi a nan, don mu ma tsoron sanyi ne ya sa ake wankan jego da shan kunun kanwa har kwana arba'in. Bambancin kawai, mu wanka muke tsanantawa, su kuwa a al'adarsu ta da gudun wankan ma suke yi. Yanzu a manyan biranensu har akwai gidaje na musamman da mai jego ke biyan kuɗi ta zauna wannan wata, ma'aikatan jinya na kula da ita.

Akwai kuma tarbiyyar da ke tattare da sana'ar. Malaminsu na da, Konfushiyas, ya sa biyayya ga iyaye a gaba da kome, saboda haka malamai da yawa suka koyi magani don kawai su iya jinyar tsofaffinsu. Wani shahararren likita mai suna Sun Simiao, wanda ya rasu a shekarar 682, ya rubuta ladubban mai magani, inda ya hore shi da ya ɗauki mai kuɗi da talaka ɗaya, haka masoyi da maƙiyi, ɗan gari da baƙo, kada kuma dare ko gajiya su hana shi amsa kira. Sun kuma ɗauka gwanin likita shi ne wanda ya tare cuta tun ba ta kama ba. Amma a ganina babbar ɗabi'ar da ta cece su ita ce rubutu. Wani mai suna Li Shizhen ya shafe shekara 27 yana yawo duwatsu da kasuwanni, yana tambayar manoma da mafarauta da masunta, yana gyara kurakuran littattafan da suka gabata. Ya gama aikinsa a 1578, aka buga shi a 1596 bayan rasuwarsa, kuma a ciki akwai magunguna 1,892 da haɗe-haɗe fiye da 11,000. Mu kan ce in tsoho mai magani ya rasu ya tafi da abinsa, don sau da yawa ko ɗansa bai gaya wa ba. Su kuwa abin da wani ya gano a ƙarni na huɗu yana nan a takarda, yana jiran wanda zai buɗe.

Kada a zaci Sinawa duka sun yarda da wannan gado. Da maganin Turawa ya shiga ƙasar, 'yan boko da yawa suka juya masa baya. Babban marubucinsu Lu Xun ya ga yadda mahaifinsa ya daɗe yana jinya a hannun masu maganin gargajiya, ana ta karɓar kuɗi ana rubuta abubuwa masu wuyar samu, har ya rasu. Haushin wannan na cikin abin da ya sa ya shiga koyon aikin likita na zamani a Japan a 1904. A 1929 wani kwamitin lafiya na gwamnati ya yanke shawarar a kashe sana'ar gaba ɗaya. Masu magani suka yi gangami a birnin Shanghai ranar 17 ga Maris ta wannan shekara, suka aika wakilai wurin hukuma, dole aka janye.

Da gwamnatin Mao Zedong ta hau mulki a 1949 sai ta tarar da jama'a fiye da miliyan 500, likitocin asibiti kuwa 'yan kaɗan, yawancinsu a birane. Ba yadda za a yi a kori masu maganin da talakawa ke zuwa wurinsu. Sai aka ɗauki wata dabara, aka mai da sana'ar ta zama karatun makaranta. An kafa cibiyar bincikenta a Beijing a 1955, aka buɗe mata kwalejoji huɗu a 1956, aka kuma sa waɗansu da suka yi karatun zamani su koma su koyi na gargajiya. Daga 1968 aka baza abin da ake kira likitoci marasa takalma, watau 'ya'yan manoma da ake ba horo na 'yan watanni, su koma ƙauyukansu da jakar magani, suna allurar rigakafi, suna koya tsabta, suna karɓar haihuwa, suna kuma amfani da tsirrai don sun fi araha. Yawansu ya haura miliyan ɗaya kafin a soke sunan a 1985. Turawa kuwa hankalinsu ya karkato ne a 1971, sa'ad da wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya kwanta asibiti a Beijing aka yi masa tiyata, bayan nan aka tsira masa allurai don rage zafin ciki, ya rubuta labarin a jaridarsa.

Yanzu bari mu zo ga matar nan. A shekarun 1960 ana gwabza yaƙi a Biyetnam, kuma zazzaɓin cizon sauro na kayar da sojojin ɓangarorin biyu a cikin kurmi. Kulorokwin, wanda shi ne maganin da aka dogara da shi, ya soma kasawa, don ƙwayar cutar ta saba da shi. Shugabannin Biyetnam ta Arewa suka nemi taimakon Sin. Ranar 23 ga Mayu 1967 aka kafa wani shiri na asiri, aka laƙaba masa 523 saboda wata da ranar, aka tara masana fiye da 500 daga cibiyoyi wajen 60. A farkon 1969 aka naɗa Tu Youyou ta shugabanci ƙungiyar cibiyarta. An haife ta a birnin Ningbo a 1930, ta karanta ilimin haɗa magunguna na zamani a Beijing, sa'an nan ta yi shekara biyu da rabi tana koyon na gargajiya. Watau dai tana da ido a gida biyu. Aikin ya raba ta da 'ya'yanta mata biyu ƙanana, ɗaya ta kai wurin iyayenta, ɗaya gidan renon yara, don an tura mijinta aiki karkara.

Ta bi tsofaffin littattafai, ta ziyarci tsofaffin masu magani, ta tara haɗe-haɗe fiye da 2,000 da aka ce suna maganin zazzaɓi. Daga ciki suka tace ruwan tsirrai wajen 200, suka sami samfuri 380, suka riƙa gwada su a kan ɓeraye masu ɗauke da cutar. Kusan duka suka faɗi. Akwai wani tsiro da littattafan suka fi yabo, yana kuwa kashe ƙwayar cutar, amma yana sa amai mai tsanani, ba ya shayuwa. Shi kuma ɗan'uwan tazargaden nan, wanda suke kira qinghao, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, har aka kusa fid da rai da shi.

Sai ta sake komawa littafin wani malami mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu, ya rubuta ɗan littafin magungunan gaggawa. A nan ta lura da wani abu da kowa ya karanta ya wuce. Ge Hong bai ce a dafa ganyen ba. Cewa ya yi a jiƙa shi a ruwa, a matse, a sha. Su kuwa tafasa shi suke yi, kamar yadda aka saba yi wa kowane tsiro. Nan ta yi tunanin ko zafi ne ke lalata abin da ake nema. Ta canza hanya, ta tace shi da wani sinadari mai suna ita, irin wanda likitocin da ke shaƙa wa mutum kafin tiyata, don shi yana tafasa tun zafi bai wuce awo 35 ba. Ranar 4 ga Oktoba 1971 samfuri mai lamba 191 ya share ƙwayoyin cutar kaf daga jinin ɓerayen, daga baya kuma aka ga haka a jikin birai.

Saura mutane. Ana tsoron ko maganin na da dafi, lokacin zazzaɓi kuma na neman wucewa, in ya wuce sai wata shekara. Sai ita da abokan aikinta biyu suka kwanta asibiti a 1972 suka sha da kansu. Da aka ga ba abin da ya same su, aka tafi da shi tsibirin Hainan aka ba marasa lafiya 21, zazzaɓinsu ya sauka. Kafin ƙarshen shekarar suka fitar da tsantsar sinadarin, fari kamar gishiri, wanda yau ake kira atimisinin. Waɗansu ƙungiyoyi a lardunan Yunnan da Shandong su ma sun ba da nasu ƙoƙari, waɗansu kuma suka gyara shi ya ƙara ƙarfi. Da aka buga sakamakon a 1977 ko sunanta ba a sa ba, don a zamanin aikin jama'a ake cewa, ba na mutum ɗaya ba. Sai a 2015, tana da shekara 84, aka ba ta kyautar Nobel ta fannin likita, alhali ba ta da digirin digirgir, ba ta kuma taɓa karatu a ƙasar waje ba.

Mai karatu ya dubi lissafin nan da kyau. Haɗi 2,000 aka tara, ɗaya ya tsallake. Ba don littafin Ge Hong ba da ba a san inda za a duba ba. Ba don ɓeraye da madubin likita da ma'auni ba kuwa, da har yau ba a san wanne ne na gaskiya a cikin dubu biyun ba, da kuma ana nan ana tafasa ganyen ana zubar da amfaninsa. Bayanin yin da yang bai taimaka da kome ba a wannan aiki. Abin da ya taimaka shi ne lurar wani tsoho da aka rubuta, da haƙurin wata mace da ta gwada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma ba da shawarar amfani da shi a 2001, Nijeriya ta mai da shi maganin farko a 2005. Ba a ba da shi shi kaɗai, don yana kashe yawancin ƙwayoyin da sauri amma ba ya daɗewa a jini, sai an haɗa shi da wani mai daɗewa ya ƙarasa ragowar. Wannan ne dalilin da ya sa likita ke nacewa a cika kwana ukun nan, kuma shi ne ya sa hukumar ba ta yarda a riƙa shan jiƙon ganyen a maimakon ƙwayar ba, don ba a san yawan abin da ke cikin kowane ganye ba. In magani ya yi kaɗan, ƙwayoyin da suka tsira sai su haifi masu taurin kai. An riga an ga alamun haka a Kambodiya tun wajen 2008, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Ita ƙasar Sin, wadda a shekarun 1940 ake samun masu zazzaɓin wajen miliyan 30 kowace shekara, an ba ta shaidar rabuwa da shi a 2021. Mu kuwa a lissafin 2022 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya duka a Nijeriya suke.

Ba atimisinin kaɗai ya bi wannan hanya ba. A birnin Harbin, cikin shekarun 1970, likitoci sun binciki wani haɗin gargajiya mai guba, suka tace shi, ya zama maganin wani nau'in sankarar jini, har Amurka ta amince da shi a 2000. Su kuwa allurai, da aka gwada su a Jamus a kan masu ciwon baya fiye da 1,000, aka buga sakamakon a 2007, sai aka ga abin mamaki. Waɗanda aka tsira wa a wuraren da littafi ya faɗa da waɗanda aka tsira wa sama-sama a wani wuri dabam, sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne, kuma dukansu sun fi waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Masana na nan suna gardama a kan ma'anar wannan.

A yau dokar ƙasar Sin ta tsaya wa fannin biyu. Tsarin mulkinsu na 1982 ya ambace su tare, an kuma yi wa na gargajiya doka ta musamman wadda ta soma aiki a 2017. Mai son zama likitan gargajiya sai ya yi shekara biyar a jami'a, ya karanta sassan jiki da ilimin cututtuka kamar kowane ɗalibin likita, ya ci jarrabawa, a ba shi lasisi. Yawancin manyan asibitoci na da sashen gargajiya, kuma ba abin mamaki ba ne likita ya ji bugun jininka da yatsu sa'an nan ya tura ka ɗaukar hoto. Saiwoyin ma yanzu ana sayar da su a gari cikin 'yan fakiti, ka zuba a ruwan zafi kamar shayi. Duk da haka masu suka ba su yi shiru ba, suna cewa haɗe-haɗe da yawa ana sayar da su ba tare da an yi musu irin gwajin da aka yi wa qinghao ba, kuma suna da hujja.

Ga ɗaya. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels na Beljiyam, aka ba mata wani haɗi mai tsirran Sin. Ashe an musanya wata saiwa da wata, don sunayensu sun yi kama. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, waɗansu kuma suka kamu da sankarar mafitsara. Bincike ya nuna dangin saiwar nan duka na ɗauke da dafi, ga shi kuwa an yi ɗaruruwan shekaru ana sha a Sin ba a gane ba, saboda dafin a hankali yake ci, ba ranar da aka sha yake nunawa ba. Daga baya hukumar Sin ta hana waɗansu daga cikinsu. Wanda ke cewa tsiro ba ya cutarwa tun da Allah ne ya tsiro da shi, to, ya tuna zaƙami ma tsiro ne.

Sai kuma dabbobi. Tsofaffin littattafan sun lissafa ƙahon karkanda da ƙashin damisa da ɓawon ɗan kunya a cikin magunguna. A da sarakuna da attajirai kaɗai ke iya saye. Da arziki ya yalwata, miliyoyin mutane suka sami kuɗin saye, sai aka tasam ma dabbobin nan da ƙarewa, alhali ƙahon karkanda da ɓawon ɗan kunya abin da aka yi su da shi ɗaya ne da farcenmu. Gwamnatin Sin ta hana cinikin ƙahon karkanda da ƙashin damisa a 1993, ta kuma cire ɓawon ɗan kunya daga jerin kayan maganinta na hukuma a 2020. Amma fataucin ɓoye bai mutu ba, kuma jami'an kwastan sun sha kama buhunan ɓawon nan a Legas ana shirin fita da su.

Wanda ya fi taɓa talakanmu shi ne na jaki. Akwai wani magani da suke kira ejiao, wanda ake samu ta hanyar dafa fatar jaki har ta narke ta daskare kamar alewa, ana cewa yana ƙara jini, mata kuma na shansa don gyaran jiki. Cibiyar yinsa tana gundumar Dong'e a lardin Shandong. A farkon shekarun 1990 Sin na da jakuna wajen miliyan 11, amma cikin shekara 30 suka koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na haka, don injuna sun karɓi aikin gona, masana'antu kuma na ta yanka. Jaka kuwa sai ta yi shekara guda da ciki ta haifi ɗa ɗaya, ba a kiwonta kamar kaji. Sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A 2016 gwamnatin Nijar ta ga an fitar da jakuna wajen 80,000 tun shekara ba ta ƙare ba, alhali a 2015 duka 27,000 aka fitar, sai ta hana. Burkina Faso ma ta hana a wannan shekara. A kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari an sha ganin ana loda jakuna a manyan motoci ana yin kudu da su, kuɗin jaki ya tashi, sata ta yawaita, har ya zamana manomin da nasa ya ɓace ba ya iya sayen wani da zai kai masa taki gona ko ya ɗebo wa gidansa ruwa. A watan Fabrairu 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna don fatarsu a nahiyar baki ɗaya, aka bar wa kowace ƙasa ta zartar da hanin a cikin iyakokinta.